Layi Goma na Farko: Lacca kan Umarnin head

 

Maganata ta yau a kan ƙaramin umarni ɗaya ce na kwamfuta, mai haruffa huɗu: `head`. Ana samunsa a Linux, da macOS, da duk wani tsari da ya fito daga zuriyar Unix. Aikinsa bai wuce ya nuna maka farkon fayil ba. Ka buɗe tagar umarni, wato allon nan da ake rubuta wa na'ura abin da za ta yi maimakon a riƙa danna hotuna, ka rubuta

`head dalibai.csv`

sai ya fito maka da layi goma na farko na wannan fayil, ya tsaya. In layi uku kake so, ka ce `head -n 3 dalibai.csv`. In hamsin ne, `-n 50`. Za ku ga tsofaffin hannu suna rubuta `head -3` kawai, ba tare da n ba. Tsohon salo ne, yana aiki a yawancin na'urori, amma `-n` shi ne abin da ƙa'idar POSIX, wadda ke daidaita umarnin dangin Unix, ta tanada, kuma shi nake so hannunku ya saba da shi.

Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin umarnin. Sauran rabin ba a madannai yake ba, ɗabi'a ce. Kada ku shigar da fayil cikin rumbun bayanai, kada ku yi lissafi da shi, kada ku tura wa shugaba rahoton da aka fitar daga cikinsa, sai kun ga ainihin abin da ke ciki da idonku. Da yawa daga cikin wahalar da ake sha a ofisoshinmu, a kwana ana neman dalilin da ya sa manhaja ta ƙi karɓar bayanai, wahala ce da duban daƙiƙa biyu zai kawar. Gani ya kori ji. Sunan fayil ji ne, bayanin wanda ya turo maka shi ma ji ne.

Bari mu ɗan koma baya, don a san inda abin ya samo asali.

A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a ɗakin bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. A lokacin, hanyar magana da kwamfuta ita ce na'urar Teletype, mai kama da tafireta, wadda ke buga amsa a kan takarda. Samfurinta mai lamba 33, wanda ya fi yaɗuwa, harafi goma yake bugawa a daƙiƙa ɗaya. Ku yi lissafin da kanku: fayil mai layi 1,000, kowane layi harafi 60, haruffa 60,000 ke nan, daƙiƙa 6,000, wato awa ɗaya da minti 40 kana zaune na'ura tana ƙara tana cin takarda. Wanda ke aiki a irin wannan hali dole ya iya cewa: kaɗan nake so.

Da allon gilashi ya zo, matsalar ta sake kama. Allunan ƙarshen shekarun 1970, irin su ADM-3A da VT100, layi 24 suke ɗauka. In ka ce wa umarnin `cat` ya zubo maka dogon fayil, rubutun zai yi ta gudu sama yana ɓacewa, in ya tsaya sai ka ga layukan ƙarshe kawai. Farkon, inda kanun bayanai suke, inda marubucin ya faɗi abin da fayil ɗin yake, shi ne ya fara tafiya. A Jami'ar California da ke Berkeley, wani ɗalibin digiri na gaba mai suna Bill Joy ya rubuta `head` a 1977, ya fito cikin tarin manhajojin BSD na farko a 1978. Shi ne kuma ya rubuta manhajar gyara rubutu ta `vi`, daga baya aka kafa kamfanin Sun Microsystems da shi a 1982.

Mutanen Bell Labs ba su ɗauke shi nan take ba. Babu shi a Unix fitowa ta 7 ta 1979, kuma tsarin Plan 9 da suka gina daga baya ma bai zo da shi ba. Abin da suke rubutawa shi ne `sed 10q`, ma'ana ka buga layuka, in ka kai na goma ka fita. A ganinsu, in kayan aikin da ke hannu yana iya abu, ba a ƙera sabo. Ina girmama wannan ra'ayi, shi ya sa Unix bai cika da tarkace ba. Amma a nan ina tare da Joy. Abin da za a yi sau ɗari a rana ya kamata ya kasance da sunan da hannu zai rubuta ba tare da an tsaya tunani ba, domin duk ɗabi'ar da ke da wahala, barinta ake yi. Wanda muke amfani da shi yau a Linux kuwa na aikin GNU ne, David MacKenzie da Jim Meyering suka rubuta, yana cikin kunshin da ake kira coreutils.

Yanzu ga abin da ya sa yake da daraja a wurina. `head` ba ya karanta fayil gaba ɗaya. Yana ɗebo 'yan dubban bayit daga farko, ya ƙirga alamun ƙarshen layi, da ya cika goma ya rufe fayil ɗin ya fita. Saboda haka fayil mai kilobayit biyu da mai gigabayit hamsin duk ɗaya ne a wurinsa. Ku kwatanta da abin da aka saba yi: a danna fayil sau biyu, Excel ko Notepad ya fara ƙoƙarin haɗiye shi, fankar kwamfuta ta tashi, allo ya daskare, in an yi rashin sa'a wuta ta ɗauke batir kuma ba shi da ƙarfi. Ga shi Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576 a shafi ɗaya. Rajistar uwar garke, ko jerin masu cin gajiyar wani shiri na jiha guda, na iya wuce haka.

Akwai wani abu da ya fi girman fayil muhimmanci. Excel ba ya nuna maka abin da ke cikin fayil, yana nuna maka fahimtarsa ne game da abin da ke ciki. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce, da sifili take farawa. Ka buɗe fayil na CSV da Excel, zai ɗauke ta a matsayin adadi, ya yar da sifilin gaba, lamba 11 ta koma 10. Doguwar lamba kuwa sai ya nuna ta da siga irin 2.34E+12, in ta wuce lamba 15 ma sai ya mayar da na ƙarshe sifili. In ka adana a haka, ɓarnar ta shiga fayil ɗin kansa. To ga tambayar da ake yawan rigima a kanta tsakanin wanda ya turo da wanda ya karɓa: sifilin nan tun daga can ya ɓace, ko a hannuna ya ɓace? `head` ne ke raba gardama. Ba ya fassara, ba ya gyara, abin da ke kan faifai shi yake ɗora maka a allo.

To me za ka duba a layi goman nan? A nan nake so mu daɗe.

Ka fara da layin farko: kanun gurabe ne, ko bayanai ne suka fara kai tsaye? Wasu manhajoji sukan sa layi biyu ko uku na take da kwanan wata kafin kanun, kuma in ba ka gani ba, shirinka zai ɗauki taken a matsayin sunan gurbi. In guraben suna da yawa har layin ya naɗe a allo, ga dabarar da nake so:

`head -n 1 dalibai.csv | tr ',' '\n' | nl`

Wannan zai ɗauki layin farko, ya mayar da kowane waƙafi sabon layi, ya sa wa kowane gurbi lamba. Nan take ka san cewa ƙaramar hukuma ita ce gurbi na bakwai, ba sai ka bi allo da yatsa kana ƙirgawa ba.

Sai ka duba abin da ya raba guraben. Sunan CSV yana nuna waƙafi ne, amma ba kullum ba. Waɗanda ke aiki da abokan hulɗa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai sun san wannan. Kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sa wa a adadi inda mu muke sa ɗigo, sha biyu da rabi ta rubuta 12,5. Tunda waƙafi ya riga ya samu aiki, sai Excel ɗinta ya raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Fayil ya ƙetaro iyaka zuwa Katsina ko Kano, a buɗe, a ga komai ya cunkushe a gurbi ɗaya, a ce ai fayil ɗin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Layi biyu za ka gani ka gane. Haka kwanan wata: 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. In ka yi sa'a a layukan farko ka ga wani kamar 25/04, ka san rana ce a gaba, tunda babu wata na 25.

Sai haruffanmu. Wannan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mai rubuta Turanci, shi ya sa nake takaicin yadda ba a koyar da shi. Ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba sa cikin tsohon jerin ASCII mai alamomi 128. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowannensu bayit biyu yake ci. Ƙaramin ƙ shi ne C6 99 a lambobin heksa, ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. In wata manhaja ta karanta waɗannan bayit da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Daga nan ne ƙasa ke komawa Æ™asa, ɗalibi ya koma É—alibi. Kun sha ganin wannan a takardu da shafukan intanet. Albishir shi ne wannan yana gyaruwa, domin bayanin yana nan, karatun ne ya karkace. Wanda ba ya gyaruwa shi ne in `head` ya nuna maka alamar tambaya zalla a gurbin harafin, ?asa, ?alibi. Wannan yana nufin an riga an adana fayil ɗin da tsarin da bai san harafin ba, ya jefar da shi. Ba wata dabara da za ta gaya maka ko ƙ ne ko ɗ ne aka rasa, sai dai a koma wurin wanda ya turo. Gara ka gano haka a minti na farko, kafin sunayen mutane dubu su shiga rumbu a gurgunce, a buga musu takardun shaida da su.

Akwai kuma abubuwan da ido ba ya gani sai an tona. Ka haɗa `head` da `cat -A`:

`head -n 3 dalibai.csv | cat -A`

In ka ga kowane layi ya ƙare da `$` kawai, salon Unix ne. In ka ga `^M$`, daga Windows ya fito. Asalin wannan ma Teletype ne: tana buƙatar umarni biyu a ƙarshen layi, ɗaya ya mayar da kan bugu gefen hagu, ɗaya ya tura takarda sama. Unix ya riƙe ɗaya, DOS da Windows suka riƙe biyun. Ƙarin alamar nan takan manne a gurbin ƙarshe, sai ka nemi "Kano" a ce babu, alhali ga shi kana gani, domin abin da ke ciki Kano ne da wata ɓoyayyiyar alama a bayansa. In kuma rubutun shiri ne na bash, wato mai fassara umarni, na'ura za ta ce ba ta san wani mai fassara `/bin/bash^M` ba. A can farkon fayil kuma kana iya ganin `M-oM-;M-?`. Bayit uku ne, EF BB BF, da wasu manhajojin Windows ke sawa don nuna cewa UTF-8 ne. Su ma sukan manne wa sunan gurbin farko, shirinka ya ce babu gurbi mai suna "lamba" alhali shi ne na farko a jere.

Wannan ya kawo mu ga zaɓi na biyu mai muhimmanci, `-c`, wanda bayit yake ƙirgawa ba layi ba. Me ya sa ake buƙatarsa? Domin layi a wurin `head` shi ne duk abin da ya zo kafin alamar ƙarshen layi. Fayilolin JSON da yawa, waɗanda uwar garke ke fitarwa, layi ɗaya ne tak, ko da sun kai megabayit ɗari biyar. Ka ce a ba ka layi goma, sai a juye maka dukkansa a allo. A irin wannan `head -c 500` za ka ce. Sai dai ku kula, bayit ba harafi ba ne. Kalmar ƙasa harafi huɗu ce amma bayit biyar. In yankan ya faɗa tsakiyar ƙ, rabin harafi za ka samu, allo ya nuna wata baƙar alama. Don kallo kawai ba komai. Amma kada ka yanka rubutun Hausa, na boko ko na ajami, da `-c` ka miƙa wa wani shiri, domin zai iya ƙin karɓa ya ce rubutun ba ingantaccen UTF-8 ba ne.

Da `-c` ne kuma ake tambayar fayil ko shi wane ne. Yawancin nau'o'in fayil suna da hatimi a bayit ɗinsu na farko. PDF da `%PDF-` yake farawa. ZIP da `PK`, haruffan farko na sunan Phil Katz da ya ƙirƙiro shi, kuma fayilolin docx da xlsx duk ZIP ne a ciki. Shirin Windows da `MZ` yake farawa. Rubutun shiri a Unix yakan fara da `#!` sannan sunan mai fassara shi. Ka rubuta `head -c 16 fayil | xxd` ka gani. Amfanin wannan a aikace yake. Wani ya sake wa xlsx suna zuwa csv yana zaton ya juya shi: za ka ga PK. Ka sauke "bayanai.csv" daga intanet, ashe shafin neman kalmar sirri aka ba ka: za ka ga `<!DOCTYPE html>`. An turo maka takardar biyan kuɗi ta imel, an ce PDF ce, ka duba ka ga MZ: wannan shiri ne ya yi shigar takarda, kada ka buɗe, ka sanar da mai kula da tsaron na'urorinku. Umarnin `file` ma irin wannan hatimi yake dubawa, kuma yana da kyau a yi amfani da su tare. In ka yi kuskuren zubo irin waɗannan fayiloli kai tsaye a allo har rubutu ya rikice, rubuta `reset` ka danna shiga, zai dawo daidai.

Abin da `sed 10q` ba ya yi cikin sauƙi, `head` kuma yake yi, shi ne fayiloli da yawa a lokaci guda. A ce kowace daga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano ta turo nata fayil, an ce ka haɗa su wuri ɗaya. Ka rubuta `head -n 2 *.csv`, zai jero maka layi biyu na kowanne, da sunan fayil a sama tsakanin `==>` da `<==`. In kana so ka taƙaita:

`head -q -n 1 *.csv | sort | uniq -c`

`-q` yana hana shi buga sunayen. Sakamakon shi ne kowane irin layin kanu da adadin fayilolin da ke ɗauke da shi. In ka ga layi ɗaya da 44 a gabansa, alhamdu lillahi, haɗa. In ka ga 41 da 2 da 1, to akwai uku da suka sauya jeri ko suka ƙara gurbi, kuma da ka haɗa su a makance da shekarun wani sun faɗa gurbin lambar wayarsa.

Tsayuwar nan da `head` ke yi tana da wani tasiri in an sa shi a ƙarshen bututu. Bututu, wato alamar `|`, tunanin Doug McIlroy ne, Thompson ya gina shi cikin Unix a 1973: abin da shiri ɗaya ya fitar ya zama abin da na gaba zai karɓa. Ku gwada `yes | head -n 3`. Shi `yes` ba ya gajiya, harafin y zai yi ta bugawa har abada. Amma da `head` ya samu uku ya fita, bakin bututun ya rufe, in `yes` ya sake yunƙurin rubutu sai tsarin ya aika masa da sigina mai suna SIGPIPE, mai lamba 13, ya mutu. Saboda haka `zcat rajista.gz | head` farkon matsattsen fayil kawai yake warwarewa. Haka `curl` da `head -c 1000`: za ka leƙa farkon wani ƙaton fayil a intanet, saukewar ta katse bayan ɗan kaɗan. Ga wanda da kuɗin aljihunsa yake sayen data, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ba kowane shiri wannan ke sauƙaƙa wa ba. `sort` ba zai iya fitar da layi ko ɗaya ba sai ya karanta komai, tunda mai yiwuwa wanda ya kamata ya zo farko yana can ƙarshe. Don haka `du -sh * | sort -rh | head`, wanda ke nuna abubuwa goma na wurin da kake da suka fi cin faifai, yana da amfani ƙwarai, amma idonka yake hutarwa, ba na'ura ba. Masu rubuta shirye-shiryen bash kuma su lura: in kun kunna `set -o pipefail`, mutuwar nan ta SIGPIPE za ta bayyana a matsayin kuskure mai lamba 141, wato 128 a tara da 13. Ba abin da ya lalace, `head` ne ya ƙoshi ya tashi. A Python kuwa saƙon BrokenPipeError za ku gani.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya. Kada ka taɓa rubuta `head -n 100 fayil > fayil`, da nufin rage fayil zuwa layi ɗari. Bash yana buɗe wurin zubawa ya share shi tas kafin `head` ya fara karatu. Abin da zai rage maka fayil ne mai bayit sifili, kuma babu kwandon shara da za ka je ka ɗauko. Ka zuba a sabon suna, ka duba, sannan ka sauya.

Yanzu sai iyakar abin. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san ba a yanke hukunci da bakin buhu, shi ya sa mai saye yake soka ƙarfe a tsakiya da gindi ya ga ƙwayar da za ta fito. Farkon fayil yana gaya maka siffarsa: kanu, rabe-rabe, tsarin haruffa. Ba ya gaya maka abin da ke layi na dubu ɗari uku. Fayiloli da yawa a jere suke, ta kwanan wata ko ta harafi, saboda haka goman farko duk daga wuri ɗaya suke, kuma galibi su ne aka shigar da su lokacin da ma'aikaci yake da natsuwa. Don haka `head` yana da abokan tafiya. `wc -l` ya gaya maka yawan layuka. `tail` ya nuna maka ƙarshe, inda za ka ga ko saukewa ta yanke a tsakiyar layi, ko an sa layin jimla wanda zai ninka maka lissafi. `shuf -n 10` ya tsamo maka goma daga ko'ina. In wani yanki kake so, `head -n 5020 fayil | tail -n 21` zai ba ka daga layi na 5,000 zuwa na 5,020.

Abin da ya faru a Ingila a 2020 ya isa misali. A lokacin, hukumar Public Health England tana karɓar sakamakon gwajin korona daga ɗakunan gwaji a fayilolin CSV, tana zuba su cikin tsohon tsarin Excel na XLS, wanda layi 65,536 kawai yake ɗauka. Da fayilolin suka yi girma, abin da ya wuce iyakar sai ya riƙa zubewa ba tare da an lura ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar ba su shiga ƙididdiga ba, aka kuma yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da su. Da wani ya duba farkon waɗannan fayiloli, da lafiya lau zai gani. Abin da zai tona matsalar shi ne a ƙirga layukan da suka shigo, a ƙirga waɗanda suka fita, a ga ko sun yi daidai.

Akwai kuma amana. Layi goman da ka gani a allo, in rajistar asibiti ce ko ta albashi, mutane goma ne, da sunayensu, da lambobinsu, wani lokaci da cutar da ke damunsu. Ya zama ruwan dare mutum ya ɗauki hoton allo ya jefa a zauren WhatsApp yana tambayar me ya sa shirinsa ya ƙi aiki. Ƙannena, ku daina. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma ko babu doka, wanda ya ba da sunansa a asibiti bai ba da shi don ya yi yawo a wayoyi ba. In taimako kake nema, `head -n 1` ya isa a mafi yawan lokuta, kanun kawai. In dole sai an ga misali, ka ƙirƙiri layi biyu na bogi masu siffa ɗaya ka tura.

Waɗanda za su shiga nazarin bayanai za su sake haɗuwa da wannan suna. A pandas na Python, `head()` layi biyar yake nunawa, a R kuma shida. Sai dai waɗannan suna nuna abin da manhajar ta fahimta ne bayan ta karanta fayil ɗin, don haka na tagar umarni shi ne na farko.

Wanda ba shi da Linux kada ya ce an bar shi a baya. A Windows, PowerShell yana da `Get-Content fayil -TotalCount 10`, ko ka girka WSL ko Git Bash ka samu `head` ɗin kansa. A wayar Android, manhajar Termux tana ba ka tagar umarni da shi a ciki, kuma duk misalan da na kawo na `-n` da `-c` da bututu za ka iya gwada su a can. Ga wani bambanci da za ku kiyaye: na GNU yana karɓar adadi mai alamar ɗebewa, `head -n -1`, ma'ana ba ni komai ban da layin ƙarshe, wanda ke da amfani wajen cire layin jimla. Na macOS, da yake daga BSD ya fito, ba ya karɓar wannan, zai ce adadin bai halatta ba. A can `sed '$d'` za ka yi amfani da shi. Sauran zaɓuɓɓukan suna cikin `man head`, shafi ne gajere da za a karance a zama ɗaya.